Fitilun da Ba Ta Gani Ba

Zuwa ga ’yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tashi idan an yi ruwa.

Na zaɓi takarda ne domin a waya ba kya bari in kai aya. Ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Jiya matar Kyaftin ta zo gidan nan. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ta ce ranar Talata da safe kuna tuƙin jirgin sama tare da mijinta, kun zo sauka cikin hazon da ya biyo bayan ruwa, ya ce ya ga titi, ke kuma kika ɗaga masa murya kika ce ba za a sauka ba. Kuka kwashi bayin Allah kuka kai su wani gari, suka wuni a kan benci. Ta ce tun ranar bai ci abincin kirki ba, ko sunanki ba ya son ji.

Yanzu ke har kin yi girman da za ki gyara wa Kyaftin tuƙi? Mutumin da yake tuƙa jirgi tun kina rarrafe? Aminin marigayi mahaifinki ne. Shi ya kai ki makarantar tuƙi lokacin da dangi ke cewa na haukace tunda na bar mace ta hau sama. Kuma na san sai ya sa hannu wata mai zuwa kafin a ba ki kujerar hagu, ki zama kyaftin, abin da kika yi shekaru kina nema. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ki je gidansa, ki durƙusa, ki ce kin yi kuskure. Ba shawara nake ba ki ba.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya gwiwar? Don Allah ki riƙa shafa maganin, ba ajiye shi a kan firji ba.

Na karanta har ƙarshe. Mama, ranar nan mun fi rimi tsayi ni da shi, kuma tagar gilashi ɗaya muke leƙawa.

A gefen titin jirgi akwai na’urori masu auna nisan da ido zai iya gani. Mutanen hasumiyar filin jirgi suna karanto mana. Idan bai kai ƙa’ida ba, ko fara gangarowa ba a yi. Ranar ya kai, amma da ƙyar, yana hawa yana sauka. Muka gangaro. To akwai wani tsayi da aka yanke, in an iso shi dole ido ya ga fitilun titi. In bai gani ba, sai a ƙara wuta a koma sama. Kuma duk wanda ya ce “a tashi” cikin mu biyu, babba ne ko ƙarami, an tashi kenan, gardama sai an taka ƙasa. Baba Kyaftin ne ya koya mini wannan, yana buga tebur.

Da muka iso tsayin nan, gilashin fari fat kamar an rufe shi da zanin gado. Bai ce ya gani ba, Mama. Cewa ya yi, “Bari mu ƙara kaɗan, yanzu za su fito.” Na ce a tashi. Na faɗa da ƙarfi, gaskiya ne, domin babu lokacin sallama. Ya tashi, amma har muka sauka a wancan gari bai sake dubana ba.

Zan je in gaishe shi, in ba shi haƙurin murya. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, ko da kujerar za ta wuce ni. Kin tuna ranar da na ce na ga ɗan maƙwabta ya fasa tagarmu, alhali ƙarar kawai na ji? Har yau ina tuna bulalar. Kika ce kada in sake shaidar abin da idona bai gani ba.

Ki yafe mini.
’Yarki

*

Ke,

Gaisuwa. Na ga takardarki. Ashe har da maganata za ki ɗauko ki jefe ni da ita. Madalla da tarbiyya.

Haƙurin da aka yanke masa rabi ba haƙuri ba ne. Kada ki je. Tunda wuyanki ya yi kauri, ni zan je ranar Asabar in durƙusa a madadinki, da gwiwar tawa mai ciwo. Abin da yaro ya ɓata, uwarsa ke sharewa.

Mahaifiyarki

*

Zuwa ga ’yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na ga kiranki a waya, da gangan ban ɗauka ba, sai na gama rubuta wannan.

Na je. Na ɗauki kwandon lemo. Na same shi a falo, a kujerar da ke ƙarƙashin hotonsu da mahaifinki, ya rame, gemu ba gyara. Ƙaramin jirgin roban nan da kike wasa da shi kina yarinya yana nan a kan talabijin, fiffike ɗaya a ɗaure da zare.

Na fara sunkuyawa, ya yi wuf ya ce, “Haba matar yaya, so kike marigayi ya zo mini a mafarki?” Na zauna. Na ce na zo ba da haƙuri ne a kan laifin yarinya.

Ya ce, “Wane laifi?”

Na buɗe baki. Tun daga gida nake shirya magana, amma da na zo faɗin laifin sai na rasa sunansa. Na ce, “Ta ce ba ta ga fitilu ba.”

Ya ce, “Haka ta ce.”

Na ce, “To kai ka gansu?”

Ya ce, “Matar yaya, titin nan na fi sanin sa da tsakar gidana. Na san suna wurin.”

Na ce, “Ban tambaye ka abin da ka sani ba. Ni ma na san inda matakalar gidana take, amma ranar da aka ɗauke wuta na taka da sani, ga gwiwar nan tana ba da labari. Ka gansu ko ba ka gansu ba?”

Matarsa da ke bakin ƙofa da faranti ta ce, “To, Malama ta buɗe aji.”

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina yi masa faɗa. Na ce da furfurarsa zai ɗauki ’ya’yan mutane ya gangara da su a kan “yanzu za su fito”? Na ce kai ka koya mata, ta yi abin da ka koya mata, sannan ka zo kana ƙin cin abinci kamar yaron da aka hana alewa. Na ce in za ka hana ta kujera, ka hana, arziki na Allah ne, amma ba za a sa ’yata ta ce ta ga abin da ba ta gani ba. Ni da bakina na faɗi haka, ni da na zo durƙuso.

Ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce, “Ba muryarta ce ta dame ni ba. Ni ya kamata in riga ta faɗa.” Sai ya ce wa matarsa, “Kawo abincin nan kafin ta fara bulala.” Ya ci, har ya ƙara.

Bai yi mini alkawarin sa hannu ba, ni ma ban roƙa ba. Kada kanki ya kumbura. Yanzu ki je ki gaishe shi, ki ba shi haƙurin muryar kamar yadda kika ce. Wannan ya isa. Kuma ki sa kaya na mutunci, ba wandon aiki ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

*

Mamata,

Ina gaisuwa. Na je, da doguwar riga. Bai bar ni na gama ba ya ce in miƙo masa lemo.

Jiya aka haɗa mu tuƙi, ashe shi ya nema. Da muka shiga sai ya nuna mini kujerar hagu, ya ce daga yau horo ya fara, sauran ya rage gare ni. Kafin mu tayar da inji ya ce, “In ba ki gani ba, ki faɗa da ƙarfi, kunnena ya fara tsufa. Kuma don girman Allah kada ki sake turo mini uwarki.”

Zan zo Juma’a.
’Yarki

*

’Yata,

Alhamdu lillahi. Ki gaya masa ba turo ni aka yi ba, kuma na san hanya.

A can sama ki ɗaga murya yadda ya ce. Amma ranar Juma’a, in kin iso ƙofata, ki tuɓe ta tare da takalmanki.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifiyarki