Tokar Murhu a Kan Ƙanƙara

Litinin, 3 ga Yuli
Kwashe tokar murhu, cika bokiti.

Yayana Rigo ya sake bugo waya daga birnin Puerto Montt. Ya ce in Baba ya ƙara faɗuwa irin ta bara zai zo ya ɗauke shi, har ya gyara masa ɗaki. Ni ce zan sa ido, in faɗa masa gaskiya. Na ce to. Kullum to nake cewa.

Laraba, 5 ga Yuli
Baba ba ya fashin tafiyar bakin kogi. Ya ratsa daji har gadar igiya, ya sha shayin mate da tsohon abokinsa Don Eleuterio, ya dawo. Hanyar duk ta daskare, sai sheƙi kamar kwalba. Na ce zan raka shi, ya ce, "Chela, ina bin hanyar nan tun ba ki san hannun damanki ba."

Shi ya sa nake riga shi fita da sassafe, in barbaɗa toka a wuraren santsi, in dawo ta gangaren bayan gida don kada mu haɗu. Ban sani ba ko taimakonsa nake yi, ko yaudarar Rigo.

Asabar, 8 ga Yuli
Sanyi har cikin haƙori. Kogin baƙi ƙirin, gefensa fari. Na zame a gangaren, gwiwa ta kumbura. Na ce wa Baba ƙofa ce ta buge ni. Ya dube ni ta saman ƙoƙon mate: "Ƙofofin bana ba su da kunya."

Lahadi, 9 ga Yuli
Na kasa fita. Ya tafi, hanya ba toka. Tukunyar da na wanke na yi ta sake wankewa. Ya dawo lafiya, ya zura tsohuwar safar ulu a kan takalminsa, wai tana kama ƙanƙara. Don Eleuterio ya ce a gaida ƙofa.

Talata, 11 ga Yuli
Rigo: "Yaya tsohon?" Na ce yana nan. In ya karye a daji, ni na yi shiru. In aka kai shi saman bene inda ba kogi, ni na yi magana.

Alhamis, 13 ga Yuli
Na lallaɓa na fita. Tokar bokitin ba ta kai yadda na bar ta ba, na ɗauka ni na manta. Sai a dawowa na gani: gangaren bayan gida toka ce daga sama har ƙasa, inda na faɗi an ninka ta. Ga ramukan sandar Baba a gefe. Gangaren da ni ma nake tsoro, shi kaɗai!

Na so in ji haushi. Na tsaya har yatsuna suka ƙage, haushin bai zo ba. Da na shiga yana hura wuta. Ya miƙo mini mate.

Juma'a, 14 ga Yuli
Tare muka tafi. Wai saboda gwiwata ne, in kama hannunsa. Hannun ya rame, amma da ɗumi. Don Eleuterio ya hango mu daga kan gada, ya ɗaga murya ya kira sunan Baba: "Baldomero, wai wa ya rako wani a cikinku?"

Gobe:
– kiran Rigo, ya bar wa yaransa ɗakin. Kada in fara da "ina ga".
– nemo tsohuwar safa daidai takalmina.
– toka bokiti ɗaya ta isa. Hanyar ɗaya ce yanzu.