Maƙabartar Gidan Ferrand Bayan Ambaliya

Dayton, Ohio
21 ga Agusta, 1955

Zuwa ga Yaya Lenore,

Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Rediyo na ta cewa kogin Wallkill ya cika ya batse, ya shanye gonaki. Na buga waya har na gaji, mai haɗa layi ta ce wayoyin yankinku duk sun tsinke. Ki rubuto mini ko da layi biyu ne.

Sai abu na biyu, kin san shi tun ban faɗa ba. Maƙabartar gidanmu a bakin ruwa take, kuma kabarin matata Corinne ne ya fi kowanne kusa da gaɓa. Kada ki ɓoye mini komai.

Ƙanenki,
Ansel

*

Gonar Ferrand
27 ga Agusta

Ansel ɗan gidanmu,

Ina gaishe ka, ina gaida 'yarka Ruth da mijinta da yara. Ina nan da raina, ka kwantar da hankalinka. Gidan da kakanmu Jacques ya gina da dutse ba ruwan sama ne zai ture shi ba. Mutumin da ya tsere wa sojojin sarkin Faransa a kan addininsa, ya ƙetare teku da mace mai ciki, ai ya san inda ake kafa gida. Ɗakin ƙasa dai ya cika, tulunan tuffa na iyo kamar agwagi, kuma kaji sun tafi ba sallama.

To ga amsar tambayarka. Ban isa maƙabarta ba tukuna, don fadamar da ke tsakaninmu har yanzu tafki ce. Daga tagar bene ina hango katangar gefen kogi ta zube, babban itacen nan kuma ya kwanta. Abin da ke ƙarƙashinsa ban gani ba.

Ka ce kada in ɓoye maka, shi ya sa zan faɗa. Matar Hoornbeek maƙwabcinmu ta aiko cewa an ga dogon akwati na katako ya maƙale a gonar masararsu. Ba wanda ya iya zuwa kusa da shi. Ka san bakin matar nan, ita ce ta taɓa ganin damisa a bayan coci. Da ruwa ya ja zan je da ƙafata.

Ka sha maganinka.

Yayarka,
Lenore

*

Dayton
1 ga Satumba

Yaya Lenore,

Na gode Allah da kike lafiya. Amma tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. Ni na zaɓa wa Corinne wurin nan, don tana son ƙarar ruwa. Na haɗa jaka zan hau jirgin ƙasa, Ruth ta kira likita, suka taru a kaina wai zuciyata ba za ta ɗauki tafiyar ba. Ruth ta ɓoye mini takalma.

In ita ce a gonar Hoornbeek, kada ki bari baƙi su buɗe.

Ansel

*

Gonar Ferrand
8 ga Satumba

Ansel,

Gaisuwa a taƙaice, don labari ya fi ta gaggawa: Corinne na nan inda ka kwantar da ita. Na je, na durƙusa, na dafa ƙasar da hannuna. Itacen da ya faɗi a gicciye ya kwanta, shi ya tare ƙarfin ruwan. Laka ta rufe rubutun dutsenta, na wanke, ko kwarzane babu. Akwatin gonar Hoornbeek kuwa kwamin aladu ne, kuma nasu ne ma. Na zauna a kan gungumen ina dariya har ta koma kuka, karen Hoornbeek na kallona kamar na zare. Ka je ka ci abinci, ka dawo ka ƙarasa karatun.

Na bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya ina kiran suna, yadda Mama ta koya mana, daga Jacques da matarsa Madeleine har zuwa Baba. Kowa na nan. Amma da na leƙa inda katanga ta zube, sai na ga ruwa ya zaftare gaɓa, ga ƙasusuwan mutane a fili, a bayan katanga, inda mu duka muka ɗauka sarƙaƙiya ce kawai. Shekara arba'in ina bin salsalar gidan nan, ban san da su ba.

Dole na sanar da hukuma. Jami'in lafiya na gunduma ya zo, ya duba, ya ce gaɓar ba ta da tabbas. In ba a gyara ta kafin sanyi ba, za a tone kowa a mayar maƙabartar gari. Kowa, Ansel, har Jacques, har Corinne. Na ce masa ni tsohuwa ce mai shekara saba'in da biyu, da me zan gyara gaɓar kogi? Ya ce shi dai doka ya faɗa mini.

Washegari suka aiko mai shirya jana'iza daga Kingston ya kwashe ƙasusuwan. Baƙar fata ne, dattijo, dogo, da baƙar kwat cikin wannan zafi. Na tashi in nuna masa hanya, ya ce in huta, ya san ta. Na bi shi duk da haka. Bai nufi ƙofar maƙabarta ba, sai ya kewaya ta baya, ya cire hula ya tsaya. Can ya ce yana yaro kakansa kan kawo shi nan duk bazara, ta hanyar kogi, don kada mutanen gida su gan su. Ya ce bayin gidan Ferrand ne a kwance a wurin, kuma dutsen nan mara rubutu na Dina ne, kakar kakansa.

Na tambayi sunansa. Ya ce Thaddeus Farren.

Na ce, "Farren ko Ferrand?"

Ya ce, "Baiwar Allah, da can ɗaya ne. Namu ne ya goge a hanya."

Na kai shi kicin na dafa kofi. Ni ina lissafo namu daga sama, shi yana lissafo nasu daga ƙasa, har muka haɗu a kan Mathieu ƙarami, wanda ya gina rumbun dutse. A gidansu, in ji shi, kowa ya san Mathieu ne uban ɗan Dina. Bai faɗa da zafi ba, yadda ake faɗin ranar kasuwa ya faɗa. Ni kuwa na ajiye kofina ban ƙara kurɓa ba.

Ya ce ba ya son kai mutanensa kabarin bai ɗaya a gari. Na ce ni ma ba na son a taɓa nawa. Ya ce to ashe damuwarmu ɗaya, in ba shi lokaci.

Yayarka,
Lenore

*

Dayton
14 ga Satumba

Yaya Lenore,

Na ci abinci, na yi barci. Allah ya saka miki da alheri.

Game da mutumin Kingston, ina roƙonki ki yi hattara. Kada ki sa hannu a wata takarda sai lauya ya gani. Maganar Mathieu hirar tsofaffi ce, ba ta cikin littafin coci, ke kanki kin sani. Ban ce maƙaryaci ba ne, amma gona gona ce, kuma ke kaɗai ce a gidan. Abin da nake so kawai kada a tone Corinne.

Ƙanenki,
Ansel

*

Gonar Ferrand
10 ga Oktoba

Ansel sarkin tsoro,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri da shiruna, hannuwana ne suka kumbura da fere dankali.

Ba wanda ya kawo mini takarda, duwatsu aka kawo. Ranar Asabar ta farko Thaddeus ya iso da motocin kaya da mazan cocinsu, da 'ya'yansa biyu, ɗaya malamin makaranta, ɗaya bai daɗe da dawowa daga soja ba. Hoornbeek ya hango su daga gonarsa, ya zo yana tambaya ko lafiya. Da ya ji, sai ya yi ta sosa ƙeya, can ya tafi ya dawo da tarakta. Ina jin kunyar kwamin aladu ce ta kawo shi. Kafin Asabar ta gaba faston cocinmu ya yi shela, 'yan uwanmu na garin Gardiner da ban sa a ido ba tun jana'izar Baba suka zo, har da Lucius mai cewa bayansa na ciwo duk ranar aiki.

Ba zan ce maka komai ya tafi sumul ba. Ranar farko kowa da gefensa ya ci abinci, su a gindin mota, namu a baranda. Matar Lucius ta ja ni gefe tana cewa me mutane za su ce. Na ce mata mutanen ai ga su nan suna ɗaukar dutse, ta je ta tambaye su. Matar Thaddeus kuma, Vernice, ba ta sakar mini fuska ba sai da ta ɗanɗani miyata, ta ce a gidan nan gishiri haramun ne? Ta karɓe ludayin, ni kuwa na bar mata.

An jera manyan duwatsu tun daga cikin ruwa har sama, an cike da tsakuwa, an dasa itatuwa masu riƙe ƙasa. Jami'in lafiya ya dawo, ya hau gaɓar ya yi ta dira da dugadugansa kamar mai gwada gado, ya ce ya gamsu. Ba za a tone kowa ba.

An mayar da ƙasusuwan inda suke, cikin sababbin akwatuna da Thaddeus ya kawo. Fastoci biyu suka yi addu'a, nasu ya fi namu murya nesa ba kusa ba.

Sai maganar katanga. Magini ya tambaye ni ko a kan tsohon tushe zai ɗora ta. Na dubi Thaddeus, ya ce shi ba ruwansa, katangarmu ce. Na ce wa magini ya matsa da ita har bakin gaɓa, ta kewaye kowa. Ban shawarce ka ba, na sani. Rabin gonar naka ne, in kana da ja ka faɗa, amma sai dai ka zo ka rushe da hannunka.

Ka ce maganar Mathieu ba ta cikin littafin coci. Gaskiya ne, na sake dubawa. Amma wa zai kai irin wannan magana wurin fasto a wancan zamani? Ba ni da hujja, Ansel. Na dai ga Thaddeus ya ɓata rai a kan wani dutse da aka ɗora a karkace, na kuwa ga haɓar Baba da girarsa, har sai da na kau da kai.

Ina so in sa a sassaƙa sunan Dina a dutsenta, in kuma shigar da reshensu cikin salsalar da nake rubutawa. Wannan kam sai da yardarka, don sunanmu ne mu biyu.

Likitanka ya ce me game da tafiya? Vernice ta ce bikin godiya na Nuwamba a gidansu za a ci, kuma ba gayyata ba ce, umarni ne.

Yayarka mai ƙaunarka,
Lenore

*

Dayton
17 ga Oktoba

Yaya Lenore,

Bayan gaisuwa. Ba ni da ja. Ki sa a sassaƙa sunan, ki rubuta reshen.

Likita ya yarda in zo a Nuwamba in Ruth za ta raka ni. Ki gaida Malam Thaddeus, ki ce na gode da abin da ya yi wa Corinne, sauran godiyar sai na zo. Ki kuma tambayar mini shekarar haihuwarsa, don in san ko yaya zan kira shi ko ƙane.

Ƙanenki,
Ansel