Bakin Gashin Rabi

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Maijirgi. Ina gajiya, yaya jikinki, yaya maigida da yara da zaman Agadas? Mu nan sai godiya, ko da yake damina ta sake yaudararmu. Jar dawar da sojoji ke rabawa muke ci.

Kin tuna askin da muka yi wa ɗiyata Rabi lokacin ƙyanda? Gashin ya fito har ya isa kitso. Inna ce ta raine shi da man shanu, daga salla sai salla take datse bakinsa. Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa shi, ga shi ya yi ja yana tsagewa.

Jiya na ɗauko almakashi, sai yarinyar ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce, "Mama, na gindin sabo ne, bai san Inna ba. Na bakin nan ne ta shafa."

Na mayar da almakashin cikin kwalla.

Ki gaida kowa, ki roƙa mana ruwa, ki roƙa wa Inna gafara. In kin zo ke ki datse shi, Yaya. Ni hannuna ya ƙi.

Ƙanwarki,
Indo