Ɗaliban Aro

Inna,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya ciwon gwiwar? Ya Baba da su Jumaidi, an gama girbin masara a Sumbawa?

Mu a Surabaya lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake. Kin san tallafin da aka ba surukarki Nurhaeni na horon malaman jami'a. Sharaɗinsu shi ne ta kawo bidiyo tana koyar da aji, ko a janye tallafin, alhali ɗalibai suna hutu. Sai na kwaso abokan aikina daga wurin gini, muka yi wanka, muka ari fararen riguna. Ta koya mana yadda gishiri ke cin ƙarfe. Tsoho Sukardi ya yi ta ɗaga hannu, har ya ce, "Malama, ashe shi ya sa ginin bakin teku ke tsagewa!"

Mai dubawa ya kalla ya yi dariya. "Waɗannan ɗalibai ne ko leburori? Dubi hannuwansu." Ya ƙi karɓa. Da ƙyar Nurhaeni ta samo ɗaliban gaske ta sake ɗaukar bidiyon. Suna ta latsa waya, ko tari babu wanda ya yi. Wannan aka karɓa, Inna, har da yabo!

An sallame ni daga aikin gini saboda yinin da muka rasa. Kada ki damu, dama ginin ya kusa ƙarewa. Ki aiko mana da zuma, ki sa mu a addu'a.

Jiya Sukardi ya zo gidanmu da farar rigar, wai yaushe za a ci gaba da darasi.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanki,
Sahrul