Kwalin da Oga Ya Jefo Daga Bene

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Auta ta daina kukan makaranta?

Inna, na ga abin mamaki! Kamfaninmu na yin kwalayen da ake aika wa mutane turare a ciki duk wata. Na sha wahala na haɗa sabon samfuri, na miƙa wa oga da hannu biyu. Wallahi sai ya cika shi da kwalabe, ya hau bene, ya jefo shi ƙasa! Na saki salati. Wai gwaji ne, a ga ko zai jure hanya.

Nawa ya fashe.

Kada ki damu da makwancina. Fasassun nake kwasowa in shimfiɗa, katifar tawa kullum ƙara tudu take.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki