Na Ɗauke Tukwanen Kabarin Kakana Don Mu Ci Shari'ar Gunduma

Salama gare ku, mai wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da na ƙauyenmu. Kafin kowa ya zage ni, ya daure ya karanta har ƙarshe, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma lokaci yana ƙure mini.

Ni ɗan ƙasar Zuru ne, ina gyaran babur a Rikoto, amma asalinmu wani ƙaramin ƙauye ne a hanyar Ribah. Tun ina yaro ƙauyenmu yana ƙarƙashin gundumar wani babban ƙauye da ke tsallaken rafi. Can ake kai akwatin zaɓe, can kansila yake fitowa kowane karo, can ake haƙa rijiyar burtsatse idan an kawo. Mu namu mu tsallaka rafi, da damina ruwa har ƙugu, mu dangwala musu, mu juyo suna kiranmu baƙi. Wannan kalmar ta baƙi, ko yanzu na ji ta sai jinina ya tafasa. Da jiha ta sake shata iyakokin gundumomi, sai aka bi rafin aka yanke mana tamu. Mun yi rawa har ƙafa ta gaji. Ba a daɗe ba suka garzaya kotu, wai ƙasar da muke zaune a kai tasu ce, aro suka ba kakanninmu, don haka ba za a yanka gunduma a kanta ba.

A al'adarmu ta dā, idan babban mutum ya mutu, ƙasarsa ta asali ake mai da shi, a ɗora tukwane na musamman a kan kabarinsa. Inda tukwanen gidanku suke, nan ne tushenku, kowa ya san haka. Lauyanmu ya ce alƙali zai zo da ƙafarsa ya ga wurin, kuma abin da zai fi dubawa shi ne inda aka binne wanda ya sari dajin ƙauyenmu. Wannan mutumin kakana ne. Kabarinsa kuwa yana tsallaken rafi, a ɓangarensu, a gindin wata ɗorawa kan tsohon dutsen da mutane suka daɗe da barinsa.

Mahaifina bai san wurin ba. Yana soja a can kudu lokacin da kakana ya rasu, da ya dawo kuma ya riƙe addininsa na Kirista da ƙarfi, ya ce ba zai hau dutse ya tsaya gaban tukwane ba. Ni ne na tashi a hannun kakata, ni take ja ta kai wurin kowace shekara mu cire ciyawa. Ta rasu tuntuni. Ɗan kawuna, bari in kira shi Danjuma, wanda yake neman kansilan sabuwar gundumar, shi ya same ni a gareji ina wanke hannu da fetur. Ya ce, "Kai kaɗai ka san inda tsohon nan shike. Tukunya ce fa za mu ɗauka, ba mutum ba. Ko kana son ɗiyanka su ma a kira su baƙi?" Ban ce masa a'a ba. Kada in ɗora masa laifin duka, ni na kawo buhu da igiya.

Ranar Lahadi da safe muka tafi, jama'a duk suna coci, ina jin gangar mata tana tashi a bayanmu. Da na ɗaga babbar tukunyar, mai ƙahoni biyu a ka irin wadda ake yi wa gwanin farauta, sai na ga zoben da ta bari a ƙasa, mai laima, baƙi ƙirin. Na karyo reshe na share shi. Da hannuna na share. Muka kwashe sauran ƙananan, muka ɗaure a bayan babur, kuma wajen tura babur ɗin cikin rafi ƙaho ɗaya ya bugi dutse ya karye ya bi ruwa. Muka jera su a gindin wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a ɓangarenmu, muka tura ƙasa da busasshen ganye har suka yi kamar sun shekara hamsin a wurin.

Alƙali ya zo, ya gani. Na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse cewa nan kakata take kawo ni. Wani tsoho daga ɓangarensu, wanda ya halarci jana'izar kakana, ya miƙe ya ce, "Ƙarya ce. Ni na riƙe ƙafarsa sa'ad da munka sa shi, can tsallake, gindin ɗorawa." Aka tsallaka da alƙali, aka duba, babu komai sai ciyawa. Samarinmu suka yi ta yi masa dariya, wai tsufa ya cinye masa kai. Bai kula su ba. Ni ya kalla, ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi. Muka ci shari'a, Danjuma ya zama kansila, su kuma suka ɗaukaka ƙara, har yau tana can ba a gama ba.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe Baba, da ya ji ana ta ambaton sunan mahaifinsa a kotu, wani abu ya motsa masa. Idanunsa sun fara mutuwa, ƙafa ta yi nauyi. Wata rana ya kira ni ya ce in kai shi. Yaya zan ce masa? Na goya shi a babur na kai shi gindin fa ɗin. Ya sauka yana lalube, ya ce, "Ashe kusa haka? Ni ina jin kamar inna ta ce sai an ƙetare ruwa." Na ce, "Ka manta ne, Baba." Ya ce, "Haka ne, tsufa." Ya shafa tukunyar, hannunsa ya tsaya a kan karyayyen ƙahon, ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce shanun makiyaya ne. Ku duba fa, har bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba na jawo su ciki.

Sai tsohon sojan nan, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu, ya durƙusa a kan ƙasar da babu kowa a cikinta, ya yi ta kuka yana magana da yarenmu na C'lela. Yana cewa baba ka yafe mini, ban zo na rufe ka ba, na yi maka girman kai, ga ni na zo. Ina tsaye a bayansa riƙe da makullin babur. Tun daga ranar kusan kowane mako sai na kai shi. Yana tafiya da 'yar fartanyarsa, yana lalube yana cire ciyawa, yana ba mahaifinsa labarin jikoki. Ni kuma ina kallon tsallaken rafi.

Na koma can a ɓoye bara. Tunda yanzu ba alamar kabari, wani ya share wurin ya yi huɗa, dawa ta fi ni tsawo. Na zagaya ɗorawar ban iya cewa ga daidai inda yake ba. Ana noma a kan kakana, kuma ni na ba da hanya. Tun daga nan ko ina tafiya a babur, da zarar na faɗa rami sai in ji ƙarar tukwane suna bugun juna a bayana, in juya babu komai. Idan yaran gareji suka ɗaga bokiti na ga zoben ruwa a ƙasa, sai in kau da kai. Na daina karɓar jibin Ubangiji a coci, matata tana tambaya, na ce ba komai.

Yanzu Baba ya kwanta. An sallamo shi daga asibiti an ce a kula da shi a gida, kun san ma'anar wannan. Ya tara mu, har da fasto, ya ce kada a kai shi maƙabartar coci, a sa shi kusa da mahaifinsa, tunda bai tsaya masa a raye ba bari ya kwanta gefensa. Fasto ya yarda. Baba ya kamo hannuna ya ce, "Kai ka nuna mini shi, kai za ka tsaya a haƙa. Ka kusanta ni da shi ƙwarai."

Na je wurin Danjuma. Ya ce, "Mi kake so ka ce? In ka buɗe baki gunduma ta tafi, kai kuma kurkuku don shaidar zur. Tsoho shina farin ciki, bar shi ya tafi da farin cikinsa." Wataƙila yana da gaskiya. Idan na faɗa wa Baba, na ƙwace masa gafarar da yake ganin ya samu, ya mutu yana sane cewa ɗansa ya sa shi yi wa ƙasa kuka. Ƙauyenmu ya koma baƙi, kuma ba zan iya sake taka shi ba. Idan na yi shiru, zan tsaya da kaina in nuna wa masu haƙa wuri, in kwantar da ubana shi kaɗai kusa da tukwanen da babu kowa a ƙarƙashinsu, mahaifinsa yana can ƙarƙashin dawar wani. Mutum ɗaya ne zai iya nuna ainihin wurin, tsohon nan da na sa aka yi wa dariya, kuma jiya ya aiko a gaishe da Baba da jiki.

Jama'a, ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma Baba ya daina cin abinci. Me zan yi? A wane ɓangaren rafi zan ce a haƙa?