Dutsen Taimamar Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki? Ya Baba da ƙannena? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau, sai kewa.

Na ji likita ya hana ki taɓa ruwa, a bango kike taimama. Abin ya tsaya mini a rai.

Ran Asabar maƙwabciyata, wata Baturiya malamar ilimin duwatsu, ta kai ni tsaunukan Blue Ridge. Inna, mutane na hawa suna haki, ba kiwo, ba neman itace, kallo kawai! Ta ce tsaunukan sun taso ne da ƙasarsu ta yi karo da tamu, tun kafin teku ta shiga tsakani. Ikon Allah! Ashe da can maƙwabta ne mu?

Na tsinto miki dutse mai santsi a bakin rafi, ga shi cikin saƙon nan. Ki duba, ya yi kama da na Damagaram?

A gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Tun daga rafin har gida dutsen yana hannuna, don in kin ɗora tafinki ki san nawa ya riga ya taɓa wurin.

'Yarki,
Rabi